Tashar Kishi: tambayoyi da amsoshi kan ƙaramar tashar jirgin ƙasa ta karkarar Japan

In aka ambaci jirgin ƙasa a Japan, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne jirgin nan mai dogon baki da ke gudu kamar walƙiya tsakanin Tokyo da Osaka, ko kuma cunkoson safiya inda ma'aikata masu farar safar hannu ke danna fasinjoji cikin tarago. Amma ƙasar na da dubban ƙananan tashoshi a tsakiyar gonakin shinkafa da gindin duwatsu, waɗanda in jirgi ya wuce sai ka ji kukan tsuntsu kawai. Ɗaya daga cikinsu, tashar Kishi, ta yi suna a duniya saboda wata kyanwa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta da kuma 'yan uwanta.

Ina tashar Kishi take?

Tana cikin birnin Kinokawa a lardin Wakayama, kudu da Osaka. Kalmar "birni" a nan kada ta ruɗe ka. A 2005 aka haɗe ƙananan garuruwa 5 aka ba su suna ɗaya, kuma Kishigawa, inda tashar take, na cikinsu. Yanki ne na gonaki da lambunan 'ya'yan itatuwa, an fi saninsa da noman sitiroberi.

Kishi ce ƙarshen layin dogon Kishigawa, wanda ya taso daga babbar tashar Wakayama. Tsawonsa kilomita 14.3 ne kacal, tashoshinsa 14, tafiyar kuwa kimanin rabin sa'a. Layi ɗaya ne tal, jirgin mai tarago 2 ne, kuma a Kishi dandamali ɗaya ake da shi. Jirgi ya iso, ya sauke mutane, direba ya taka zuwa ɗaya ƙarshen, ya juya da shi inda ya fito.

Me ya kai layin dogo wannan ƙauye tun farko?

Masu ziyarar wuraren bauta. A kan hanyar akwai tsofaffin wuraren ibada 3 na addinin Shinto da mutanen yankin ke girmamawa: Nichizengu, Kamayama da Itakiso. A 1916 aka buɗe sashen farko na layin domin jigilar masu zuwa can, a 1933 kuma aka ja shi har Kishi. Daga baya manoma da 'yan makaranta da masu aiki a birnin Wakayama suka zama su ne ainihin fasinjojin. A 1961 layin ya koma hannun kamfanin Nankai, babban kamfanin da ke da jiragen Osaka zuwa Wakayama.

Da gaske ne irin waɗannan tashoshi ba su da ma'aikaci ko ɗaya?

Da gaske ne, har suna gare su: mujin-eki, wato tashar da babu mutum. Alƙaluman ma'aikatar sufurin ƙasar na watan Maris 2020 sun nuna cewa cikin tashoshi 9,465, guda 4,564 ba su da ma'aikaci. Kusan rabi ke nan. A wasu za ka tarar da tsohon ɗakin jira na katako, tagar sayar da tikiti a rufe da allo, agogon bango, da jadawalin jirage a manne. A wasu kuwa babu komai sai dandamali da 'yar rumfa.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne tsabtar wurin. Sau da yawa mutanen unguwa ne, galibi tsofaffi, ke share tashar, su shuka furanni, su ɗinka matasan zama su ɗora a kan benci saboda sanyi. Babu mai biyansu.

To wa ke karɓar kuɗin tikiti?

Direba. Shi ne direba, shi ne kwandasta, shi ne mai sanarwa. Wannan tsari suna kiransa wanman, kuma a yawancin layukan karkara ga yadda yake tafiya.

Jirgi na tsayawa, sai ka shiga ta ƙofar baya ta taragon farko. A yankunan sanyi ƙofar ba ta buɗewa sai ka danna maɓalli da kanka, in kuma ka shiga ana son ka rufe ta, don kada ɗumin ciki ya tsere. Daf da ƙofar akwai wata 'yar na'ura da ke zaro ƙaramar takarda kamar harshe. Ka cire ta. Lamba ce a jiki, lambar tashar da ka hau. Sunan takardar seiriken. A can gaba, sama da kan direba, akwai allo mai gidaje-gidaje, kowane gida da lambarsa, kuma kuɗin da ke ƙarƙashin kowace lamba yana ƙaruwa duk lokacin da aka wuce tasha. In za ka sauka sai ka taka zuwa gaba, ka dubi kuɗin da ke ƙarƙashin lambarka, ka zuba su tare da takardar a cikin akwatin da ke gefen direba. Akwatin ba ya ba da canji, amma a jikinsa akwai inda za ka cusa takardar yen 1,000 (yen shi ne kuɗin Japan) ta fito maka da tsabobi. Direba zai juyo ya duba, ya ɗan sunkuyar da kai ya gode, ka fita ta ƙofar gaba.

'Yan makaranta ba ruwansu da wannan duka. Katin wata-wata suke ɗagawa, direba ya kalla, su wuce.

Ba a samun masu zillewa ba su biya ba?

Ana samu, mutum ai mutum ne ko a ina. Sai dai hanyar fita ta gaban direba take, kuma a ƙauyen da kowa ya san ɗan gidan wane, kunyar ta fi kuɗin tsada. Kamfanonin sun yi lissafi sun ga abin da ake zille musu da shi bai kai albashin ma'aikacin da zai zauna gadin tasha daga asuba har dare ba.

Me ya kusa kashe layin Kishigawa?

Mota, da ƙarancin haihuwa. Da tituna suka yi kyau, kowane gida a karkara ya mallaki mota ɗaya ko biyu, jirgi ya koma na waɗanda ba su iya tuƙi. Matasa kuma suna ta kwarara Osaka da Tokyo. Yawan jama'ar Japan ya kai ƙololuwa a wajen 2008, kimanin miliyan 128, tun daga nan yake raguwa, kuma yanzu kusan mutum 3 cikin kowane 10 sun kai shekara 65 ko sun wuce. Karkara ce ta fara jin wannan a jikinta tun kafin birane.

A Kishigawa fasinjoji suka yi ta zaizayewa har suka sauko ƙasa da miliyan 2 a shekara. Kamfanin Nankai ya gaji da cike giɓi, ya sanar cewa zai janye hannunsa.

Wa ya ceci layin? Ba kyanwar ba ce?

A nan ne labarin da ke yawo ya bar hanya. Yadda ake ba da shi a kafafen sada zumunta, layi yana gargara, kyanwa ta sa hula, sai ga jama'a sun cika jirgi. Labari mai daɗin ji. Amma duba kwanakin. Sabon kamfani ya karɓi layin ranar 1 ga Afrilu 2006. An naɗa kyanwar ranar 5 ga Janairu 2007. Wato an riga an tsamo layin daga bakin kabari wata tara kafin ta sa hular.

Waɗanda suka fara tashi tsaye mutanen da ke zaune a gefen layin ne. Sun kafa ƙungiya, dubbai suka shiga suna biyan kuɗin zama mamba, suka yi taruka, suka matsa wa 'yan majalisunsu, suka share tashoshi. Takensu ma ba roƙo ba ne ga gwamnati, kira ne ga junansu: a hau jirgin in ana son ya rayu. Sun gane cewa sa hannu a takardar koke abu ne mai sauƙi ga mutumin da gobe zai shiga motarsa ya tafi aiki, kuma kamfani ba sa hannu yake ƙirgawa ba, tikiti yake ƙirgawa.

Sai hukumomi suka shigo. Birnin Wakayama da garin Kishigawa suka karɓi filin da layin ke kai, suka kuma yi alkawarin tallafa wa gudanarwa na shekara 10, lardi ma ya sa nasa hannun. Aka yi shelar neman wanda zai tuƙa jiragen, aka zaɓi kamfanin jiragen cikin gari na Okayama, wanda ke ƙarƙashin rukunin Ryobi. Shi ne ya kafa sabon kamfani mai suna Wakayama Dentetsu, shugabansa Mitsunobu Kojima.

Sabon kamfanin ya tsuke bakin aljihu. Ƙananan tashoshi suka zama babu ma'aikaci, har da Kishi, aka tattara aiki a tashar Idakiso inda ofishi da garejin jirage suke. Sannan ya ɗauko mai zayyana jirage Eiji Mitooka ya sake wa tsofaffin taragu fuska. A 2006 aka fito da jirgin sitiroberi, fari da ja, cikinsa katako. A 2007 aka fito da jirgin kayan wasan yara. Duk wannan aikin mutane ne. Kyanwar ta zo ta tarar da hanya a share, sai ta ja idon duniya zuwa wurin, kuma wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne. Amma wanda ya ɗauki labarin ya ce mafita ita ce kowace tasha ta nemo dabba, ya riƙe reshe ya saki gindi. Wasu tashoshin Japan sun gwada da kyanwa da kare da zomo, ba duka ne suka ga canji a aljihu ba.

To yaya aka yi kyanwa ta zama shugabar tasha?

Sunanta Tama, an haife ta a 1999. Kyanwa ce mai launi uku, fari da baƙi da ruwan ƙasa, irin waɗanda kusan dukansu mata ne. Tana zaune da uwarta da wata kyanwar a wani ɗan akurki kusa da shagon da ke jikin tashar, matar mai shagon ce ke kula da su. Da layin ya sauya hannu, aka ce filin da akurkin yake zai koma hanyar jama'a, a kwashe shi. Ranar bikin buɗe sabon kamfanin matar ta tunkari shugaban ta roƙe shi ya bar magen su zauna a cikin tasha.

Kamfani ba zai ajiye dabbar gida a tasha haka kawai ba. Amma tasha ce da ba ta da shugaba, ga kuma tsohuwar al'adar Japanawa ta ɗaukar kyanwa a matsayin mai jawo ciniki. Duk wanda ya taɓa ganin mutum-mutumin kyanwar nan mai ɗaga hannu a bakin shago ya ga wannan al'ada. Sai aka ɗinka wa Tama 'yar hula daidai kanta, aka rataya mata lamba a wuya, aka ba ta takardar naɗi a hukumance. Uwarta da ɗayar suka zama mataimaka. Da a wajenmu ne da an ce an naɗa Sarkin Tasha, sai dai ita ba ta karɓar kuɗin lodi.

Mene ne aikinta, kuma nawa ake biyanta?

Aikinta ta zauna a bakin shiga fasinjoji su gan ta. Albashinta abincin kyanwa. A 2008 aka gyara tsohon ɗakin sayar da tikiti ya zama ofishinta, mai gilashi, don masu ziyara sun yi yawa kuma ba kowa ke da hankalin taɓa dabba ba. Tana da ranakun aiki da ranakun hutu.

Ƙarin girma kuwa ta sha shi. A 2008 ta zama babbar shugabar tasha, a shekarar kuma gwamnan lardin ya ba ta lambar girmamawa. A 2010 aka sa ta cikin manyan jami'an kamfanin, a 2013 ta kai matsayin muƙaddashin shugaba. Mai son zolaya zai ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Sai dai wannan kurar barci take yi mafi yawan yini, kuma da ba don naɗin ba da ta rasa wurin kwana.

Ana cewa ta jawo kuɗi sama da yen biliyan ɗaya. Haka ne?

Wani farfesan tattalin arziki na Jami'ar Kansai, Katsuhiro Miyamoto, ya ƙiyasta cewa a shekarar farko ta naɗinta ta jawo wa yankin kimanin yen biliyan 1.1. Ƙiyasi ne, kuma ba kuɗin tikiti kaɗai ya ƙunsa ba: da abin da baƙi suka kashe a gari, da cinikin littattafan hotuna da tsaraba, da darajar tallan da talabijin da jaridu suka yi wa yankin kyauta. Fasinjoji ma sun ƙaru.

Duk da haka kamfanin ya daɗe yana cewa sai fasinjoji sun kai miliyan 2.5 a shekara kafin layin ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma riƙa roƙon mazauna yankin su ƙara yawan hawa ko da sau kaɗan ne a shekara. Baƙo daga Taiwan ko Hong Kong zai zo sau ɗaya ya ɗauki hoto ya tafi. Ɗalibin da ke hawa safe da yamma, kwana biyar a mako, shekara uku, shi ne gishirin miyar. Lokacin annobar korona da aka rufe iyakokin ƙasar, baƙi suka ɗauke ƙafa ɗif, aka ga su wane ne suka rage a kan kujerun.

Yaya ginin tashar yake?

Tsohon ginin na katako an rushe shi, a watan Agusta 2010 aka buɗe sabo, zanen Mitooka. In ka tsaya a gabansa fuskar kyanwa ce ke kallonka: kunnuwa biyu a saman rufi, tagogi biyu a matsayin idanu, ƙofar shiga a matsayin baki, ga sunan Tama da manyan haruffa a can ƙololuwa. Rufin da ɓawon itacen hinoki aka yi shi, ana jera ɓawon sala-sala ana kafe shi da ƙusoshin gora. Irin wannan rufi a manyan wuraren bauta aka saba ganinsa, masu iya aikin ma sun yi ƙaranci. A ciki akwai ɗan wurin shan shayi da shagon tsaraba. Duka ginin bai fi wani madaidaicin gida girma ba.

Tun 2009 akwai jirgi na musamman mai sunanta, an zane jikinsa da hotunanta 101, tana gudu, tana miƙa, tana barci. A ciki akwai kantar littattafan yara.

Tama na nan da rai?

Ta mutu ranar 22 ga Yuni 2015, tana da shekara 16, ciwon zuciya ne ajalinta. An yi mata jana'iza irin ta Shinto a tashar, mutum kusan 3,000 suka hallara. Kamfanin ya ba ta muƙamin shugabar tasha ta har abada, a watan Agusta kuma aka keɓe mata ɗan ƙaramin wurin bauta a kan dandamalin. Wata kyanwar mai launi uku, Nitama, wato Tama ta biyu, wadda tun 2012 take riƙe da tashar Idakiso, ita ta gaje ta. Daga baya aka kawo Yontama, ta huɗu. Ta ukun an tura ta Okayama ne ta koyi aiki, wanda ke riƙonta a can ya ƙi sakinta.

Wurin bauta ga kyanwa? Musulmi zai iya zuwa irin wannan wuri?

A addinin Shinto ana ɗaukar duwatsu da itatuwa da magabata da wasu dabbobi a matsayin masu ruhin da ake girmamawa, don haka abin bai zama baƙo ga mutanen wurin ba, ko da yake da yawansu a matsayin karramawa da raha suka ɗauke shi. Ga Musulmi hukuncin a fili yake, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Tashar dai tasha ce, hanyar jama'a. Ɗan ginin yana gefe guda a kan dandamali, babu wanda zai ce ka rusuna ko ka jefa tsaba ko ka tafa hannu. Ka wuce abinka. Tausayin kyanwa kuwa ba sai mun je Japan za mu koya ba, mu da muka taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta ɗaure kyanwa ta hana ta abinci, da kuma laƙabin Abu Huraira.

Na taɓa ganin labarin tashar da aka bari a buɗe saboda ɗaliba ɗaya. Ita ce wannan?

A'a. Waccan ita ce Kyu-Shirataki, a tsibirin Hokkaido can arewa mai dusar ƙanƙara, a kan layin Sekihoku. A farkon 2016 labarin ya karaɗe Facebook: wai kamfani ya so rufe tasha, ya gano yarinya ɗaya ce ke hawa zuwa makaranta, sai ya fasa har ta gama. Akwai gaskiya a ciki. Lallai akwai ɗalibar sakandare da ita ce mai amfani da tashar a kai a kai, jiragen da ke tsayawa a wurin ba su wuce 4 a rana ba, kuma an rufe tashar ranar 26 ga Maris 2016, 'yan makonni bayan ta kammala.

Sai dai an ƙara wa miyar gishiri. A Japan shekarar karatu a watan Maris take ƙarewa, kuma a watan Maris kamfanonin jirage ke sabunta jadawalinsu su rufe abin da za su rufe. A rana ɗaya da Kyu-Shirataki aka rufe maƙwabtanta Kami-Shirataki da Shimo-Shirataki. Abin da ya fi ba ni haushi a labarin shi ne yadda masu kyamara suka riƙa tururuwa zuwa wurin suna ɗaukar yarinya hoto a hanyarta ta makaranta.

Me ya sa ba za a rufe irin waɗannan layuka duka a sa motocin bas ba?

An rufe da yawa. Tun kafin a raba hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati a 1987 zuwa kamfanonin JR aka fara zubar da layukan da ba su da fasinja, wasu aka miƙa su ga kamfanonin haɗin gwiwa na ƙananan hukumomi da 'yan kasuwa. A watan Nuwamba 2016 kamfanin JR na Hokkaido ya fito fili ya ce kilomita 1,237 na layukansa, kusan rabin abin da yake da shi, ba zai iya riƙe su shi kaɗai ba.

Masu son a rufe suna da hujja: kula da gadoji da ramukan duwatsu da share ƙanƙara saboda mutum goma sha a rana ɓarnar kuɗi ce. Masu ƙi su ma suna da tasu. Ba a ba da lasin mota a Japan sai an kai shekara 18, don haka ɗan sakandare a karkara jirgi ne ƙafarsa, kuma bas ɗaya ba ya kwashe ɗaliban da tarago biyu ke kwashewa da ƙarfe bakwai na safe. Tsofaffi da yawa suna mayar da lasinsu in ido ya raunana, ga asibiti a birni. Direbobin bas ɗin ma ƙaranci suke yi, kuma an sha ganin bas ɗin da ya maye gurbin jirgi shi ma an rage shi bayan 'yan shekaru. Sannan akwai abin da ba ya shiga lissafi: garin da aka goge sunansa daga taswirar layin dogo, iyaye matasa ba sa son tarewa a cikinsa.

Wani lokaci gari ne ke sa hannu a aljihu. Tashar Koboro a Hokkaido tana maƙale a wani ɗan fili tsakanin ramukan dutse biyu, babu titi, babu gida ko ɗaya, sai hanyar ƙafa zuwa bakin teku. Da kamfani ya so rufe ta, garin Toyoura ya ɗauki nauyin kuɗin kula da ita, saboda masu sha'awar tashoshin da ke ƙuryar daji suna zuwa daga ko'ina don su sauka a wurin.

Akwai wata alaƙa da namu layin dogon?

Akwai guda ɗaya ta zahiri. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan layin Kishigawa milimita 1,067 ne, daidai da na tsohon layin da ya iso Kano a 1911, ya miƙa Kaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Injiniyoyin Ingila ne suka kai wannan awon ƙasashen biyu, don ya fi arha. Jiragen Japan masu gudun tsiya kuwa a kan milimita 1,435 suke, irin na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wanda ya ce ƙanƙantar layi ce ta kashe tsofaffin tashoshinmu, ya sani mafi yawan jiragen Japan har yau a kan wannan ƙaramin awon suke tafiya, kuma ana saita agogo da su.

Matsalar dai ba iri ɗaya ba ce. Su jirgi na zuwa a kan lokaci, mutanen ne babu. Mu mutane sun cika gari, jirgin ne babu.

In na samu kaina a Japan, yaya zan je?

Daga filin jirgin sama na Kansai ko daga Osaka ka nufi tashar Wakayama ta JR. Ka lura, akwai wata tashar daban mai suna Wakayamashi, ba ita ba ce. A cikin tashar ka nemi dandamali na 9, za ka ga sawun kyanwa da aka zana yana yi maka jagora. Akwai tikitin yini guda da ke ba ka damar sauka da hawa yadda kake so, kuma ya fi sauƙi in za ka tsaya a Idakiso. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu. Ka duba ranakun aikin kyanwar da ke riƙe da tashar yanzu da lokutan jiragen masu ado kafin ka taso, don kamfanin na wallafa su.

A tashar kada ka ƙwanƙwasa gilashi, kada ka haska fitilar kyamara a idon dabbar. In ka tarar tana barci, haka kowa ke tarar da ita. A cikin jirgi ba a amsa waya da murya, kuma kada ka ɗauki 'yan makaranta hoto. Kwandon shara ba ko'ina ake samu ba, ka koma da naka. Abincin halal da wurin sallah sai ka shirya tun daga Osaka ko filin jirgin Kansai, wanda ke da ɗakunan sallah.

In an rufe tasha, me ke zama makomarta?

Ya danganta. Wasu ana kwashe dandamalin cikin 'yan watanni, ciyawa ta rufe wurin. Wasu gine-ginen suna komawa wurin shan shayi, ko tashar bas, ko ɗakin taron unguwa. Ranar ƙarshe kuwa jirgin da ya shekara da shekaru yana tafiya da mutum biyar sai ya cika maƙil da masu bankwana, har mutanen garin su rasa wurin zama.

Haka aka yi ranar 31 ga Maris 2018 a layin Sanko, mai kilomita 108 tsakanin Gotsu da Miyoshi. A kan wannan layin akwai tashar Uzui, wadda dandamalinta ke kan gada, mita 20 sama da ƙasa, a wani kwari mai 'yan gidaje. Babu na'urar hawa. Duk tsohuwar da za ta je asibiti sai ta taka matakala 116 kafin ta kai ga jirgi. Bayan rufewar garin ya karɓi wurin ya mai da shi wajen shaƙatawa, ana kai baƙi kan gadar da ɗan ƙaramin keken dogo a wasu ranaku, matakalan kuma suna nan da lambobin da ke gaya wa mai hawa nawa ya taka.